KUJERAR DARAKTA AMANA CE: BATUN MATA A HUKUMOMIN KAMFANONI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya shimfiɗa wa bayinSa dokokin neman halal. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwa, yau fiye da shekara 20 ke nan ana tafka muhawara a duniya a kan yawan matan da ya kamata su zauna a hukumomin daraktoci na manyan kamfanoni. Muhawarar ta faro daga Turai, ta ratsa Asiya da ƙasashen Larabawa, ga shi har ta shigo cikin ƙa'idojin bankunan Nijeriya. Da ta iso gare mu sai muka rabu gida biyu. Wasu da jin kalmar mata sai su toshe kunne, su ce makircin Yamma ne. Wasu kuwa sun haɗiye maganar ɗungurungum, a wurinsu duk abin da ya fito daga Turai ci gaba ne. Dukkan ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki, domin babu wanda ya tsaya ya tambaya: wace irin kujera ce wannan, kuma dukiyar wa ake tsaro a kanta?

MECE CE HUKUMAR DARAKTOCI?

Babban kamfani irin wanda ake sayar da hannayen jarinsa a kasuwa mallakar dubban mutane ne, waɗanda ba su san juna ba, ba su kuma san abin da ke gudana a ofishin kamfanin ba. Saboda haka sau ɗaya a shekara sukan yi babban taro su zaɓi wasu 'yan mutane, kamar goma ko goma sha biyu, su wakilce su. Waɗannan su ne daraktoci. Su ne ke naɗa manajan darakta, su ne ke da ikon tsige shi, su ke yanka masa albashi, su ke sa hannu a kan lissafin kuɗin shekara, su ne kuma ke amincewa da duk wani babban bashi ko ciniki. A taƙaice manaja yana juya dukiya, hukuma tana sa masa ido a madadin masu ita.

Wanda ya karanta babin wakilci a littattafan fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Darakta wakili ne, dukiyar da ke hannunsa ajiya ce, in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka akwai lamuni a kansa. Kada kuma mai karatu ya ɗauka wannan magana ce ta attajirai kawai. Tun da aka yi dokar sake fasalin fansho ta 2004 a Nijeriya, kuɗin da ake yanka daga albashin ma'aikata ana miƙa su ga kamfanonin kula da fansho, su kuma su zuba wani sashe a hannayen jari. Ke nan malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti suna da rabo a kamfanonin da ba su taɓa taka ƙofarsu ba, kuma guzurin tsufansu yana rataye a wuyan daraktocin da ba su taɓa gani ba.

IDAN MAI GADI YA YI BARCI

A watan Disamba na 2001 kamfanin makamashi na Enron, ɗaya daga cikin mafi girma a Amurka, ya durƙushe, dubban ma'aikata suka rasa aiki da ajiyarsu ta fansho. Bincike ya nuna cewa tun 1999 hukumar kamfanin da kanta ta ɗage wa babban jami'in kuɗi, Andrew Fastow, ƙa'idar da ta hana ma'aikaci yin ciniki na kansa da kamfanin, ta nan ne aka riƙa ɓoye basussuka. Wadda ta yi ƙarfin halin rubuta wa shugaban kamfanin takardar gargaɗi a watan Agusta na 2001 ma'aikaciya ce mai suna Sherron Watkins. A 2002 kuma wata mai binciken kuɗi, Cynthia Cooper, ita da abokan aikinta suka bankaɗo lissafin bogi na dala biliyan 3.8 a kamfanin sadarwa na WorldCom. Babu ɗaya cikin matan nan biyu da ke da kujera a hukuma. Masu kujerar suna nan suna karɓar alawus, ba su ga komai ba.

To amma kafin wani ya yi saurin cewa ashe mata sun fi maza riƙon amana, sai mu waiwayo gida. A ranar 14 ga Agusta 2009 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya tsige shugabannin bankuna 5, a watan Oktoba ya ƙara da wasu, aka kuma zuba Naira biliyan 620 don kada kuɗin masu ajiya su salwanta. Babban ciwon shi ne basussukan da shugabanni suka ba kansu da makusantansu, hukumomi na kallo. Cikin waɗanda aka tsige akwai mace, Cecilia Ibru ta bankin Oceanic, wadda kotu ta yanke wa ɗaurin wata 6 a 2010, ta kuma sallama kadarori na sama da dala biliyan 1. A Amurka ma Elizabeth Holmes ta kamfanin Theranos ta yaudari masu zuba jari da na'urar gwajin jini wadda ba ta aikin da ake cewa tana yi, har aka yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11 a 2022. Su wa ke hukumarta? Manyan dattawa ne masu suna, ciki har da tsofaffin sakatarorin harkokin wajen Amurka biyu, George Shultz da Henry Kissinger, waɗanda sana'ar gwajin jini ba tasu ba ce.

Darasin a fili yake. Gaskiya da ha'inci ba su da jinsi. Abin da ke kashe kamfani shi ne hukumar da ta cika da abokai da surukai da masu manyan sunaye, inda kowa ke jin nauyin kowa, babu mai iya buɗe baki ya ce a kawo takarda mu gani.

DOKOKIN KASO DA ABIN DA SUKA HAIFAR

Ƙasar Norwe ce ta fara tilastawa. A 2003 majalisarta ta yi dokar cewa kowane jinsi ya sami aƙalla kashi 40 cikin 100 na kujerun hukumar manyan kamfanoni, alhali a lokacin rabon mata bai kai kashi 10 ba, kuma wanda ya ƙi bi ana iya rushe shi. Zuwa 2008 an cika kason. Faransa ta yi irin wannan doka a 2011. A 2022 Tarayyar Turai ta umarci manyan kamfanonin ƙasashenta su kai kashi 40 na daraktocin da ba sa cikin gudanarwar yau da kullum, ko kashi 33 na dukkan daraktoci, ta sa wa'adi zuwa ƙarshen Yuni na 2026. Amurka kuwa ta yi gaba ta dawo baya: dokar da jihar Kalifoniya ta yi a 2018 kotu ta soke ta a 2022, haka ma ƙa'idar kasuwar hannayen jari ta Nasdaq kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a Disamba 2024. Su kansu Turawan ba su gama daidaita bakinsu ba.

Ƙasashen Musulmi ma ba a bar su a baya ba. Malesiya ta sa wa kanta burin kashi 30 tun 2011, daga Yuni 2023 kuma ta wajabta wa kowane kamfani da ke kasuwar hannayen jarinta ya sami aƙalla mace ɗaya a hukuma. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi irin wannan a 2021. A Saudiyya an naɗa Sarah al-Suhaimi shugabar hukumar kasuwar hannayen jarin ƙasar a 2017. A Nijeriya, kwamitin shugabannin bankuna ya sa burin kashi 30 na kujerun hukuma a 2012, sannan ƙa'idojin Babban Banki na 2023 suka hana hukumar banki ta kasance ta jinsi ɗaya zalla.

Abin tambaya shi ne, me aka samu? Ƙasar Indiya ta ba da amsa mai ban dariya da ban takaici. Dokar kamfanoninta ta 2013 ta ce a sa mace aƙalla ɗaya. Da wa'adi ya matso a 2015, masu kamfanoni da yawa sai suka leƙa cikin gida, wannan ya naɗa matarsa, wancan ya naɗa 'yarsa, aka cika takarda. Sai da hukumar kula da kasuwar ta sake ƙa'ida, ta ce daga 2019 manyan kamfanoni 500 su kawo mace mai zaman kanta wadda ba ta da alaƙa da masu gida. A Norwe kuwa wasu kamfanoni sun sauya rajista zuwa nau'in da dokar ba ta shafa ba, wasu 'yan mata ƙalilan kuma suka tara kujeru barkatai. Binciken da Marianne Bertrand da abokanta suka buga a 2019 ya nuna cewa matan da suka hau kujerun sun cancanta kuma sun amfana, amma amfanin bai gangaro sosai ga sauran mata ma'aikata ba.

Akwai kuma wata da'awa da ake yawan maimaitawa, wai ƙara mata a shugabanci yana ƙara wa kamfani riba. Kamfanin ba da shawara na McKinsey ya yaɗa wannan a jerin rahotanni, amma a 2024 wasu malaman lissafin kuɗi biyu, Jeremiah Green da John Hand, suka gwada lissafin McKinsey na bambancin launin fata da ƙabila a shugabanci a kan manyan kamfanonin Amurka ba su sami sakamakon ba. Abin da ya fi tabbata shi ne binciken Renée Adams da Daniel Ferreira na 2009, wanda ya gano cewa daraktoci mata sun fi halartar zama, sun fi shiga kwamitocin sa ido, kuma hukumar da suke ciki ta fi saurin tuhumar manaja idan kamfani ya yi rauni, ko da yake hakan bai zama ƙarin riba a kowane kamfani ba. Saboda haka wanda ya gina hujjarsa a kan riba ya yi gini a kan toka. Hujjar da ke tsayawa ita ce ta sa ido da cancanta.

A MA'AUNIN SHARI'A

Alƙur'ani ya ba mu sharuɗɗa biyu na ɗaukar mutum aiki, wato iyawa da amana, kuma abin lura shi ne a Suratul Ƙasas daga bakin mace aka ji su, lokacin da 'yar dattijon Madyana take ba mahaifinta shawara ya ɗauki Annabi Musa (AS). Annabi Yusuf (AS) ma da zai karɓi taskokin Masar, tsaro da sani ya ambata. Duk wanda ya ba mutum kujera a kan dukiyar jama'a don zumunta, alhali ga wanda ya fi shi, ya ci amana, namiji ya ba ko mace. Haka nan wanda ya ture wadda ta fi kowa sanin lissafi a wurin don kawai ita mace ce, ya ɗora jahili, shi ma ya ci amanar masu dukiya.

Musulunci ya ba mace cikakken iko a kan dukiyarta ƙarnuka masu yawa kafin Ingila ta ba matar aure wannan haƙƙi da dokar 1882. Nana Khadija (RA) mai jari ce, ita ke zaɓen wanda zai tafi da hajarta Sham. A Hudaibiyya, lokacin da al'amari ya yi wa sahabbai nauyi, shawarar Ummu Salama (RA) ce Manzon Allah (SAW) ya bi aka warware. Mafi kusa da batunmu shi ne waƙafin da Sayyidina Umar (RA) ya yi da gonarsa, inda ya rubuta cewa 'yarsa Hafsa (RA) ce za ta kula da shi muddin tana raye, alhali yana da 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdullahi. Kula da waƙafi kuwa shi ne ainihin aikin darakta: tsare asali, lissafa amfanin da ya fito, da kai shi inda aka shardanta. Labarin cewa Umar ya ɗora Shifa'u bint Abdullahi a kan wani sashe na lamarin kasuwa, Ibn Abdil Barr ya ambace shi, Alƙali Ibnul Arabi kuma ya musanta ingancinsa, don haka ba mu dogara da shi ba, ba ma kuma bukatarsa.

Mai hankali zai ce, to ina hadisin Abu Bakrata da ke cikin Bukhari, wanda ya kore rabauta ga mutanen da suka miƙa jagorancinsu ga mace? Hadisin ingantacce ne, kuma an faɗe shi ne da labari ya zo cewa Farisawa sun naɗa 'yar Kisra sarauta. Jumhurun malamai sun kafa hujja da shi a kan shugabancin al'umma, da yawansu suka haɗa da alƙalanci. Amma waɗannan malaman dai su ne suka halatta mace ta zama wakiliya a saye da sayarwa, ta zama wasiyyiya a kan dukiyar marayu, ta zama mai kula da waƙafi. Darakta ba sarki ba ne, ba alƙali ba ne. Ƙuri'a ɗaya gare shi cikin goma, a kan dukiyar waɗanda suka zaɓe shi, kuma suna iya sauke shi a taro na gaba. Wannan babin wakilci ne da shawara.

Sharuɗɗa kuwa suna nan daram. Sana'ar kamfanin ta zama halal, domin kujera a kamfanin giya ko na caca ko na riba ba ta halatta ga namiji balle a yi maganar mace. A kiyaye hijabi, a guji keɓancewa, a kiyaye haƙƙin miji da na 'ya'ya. Zaman hukuma sau 4 ne ko 6 a shekara a mafi yawan kamfanoni, a ɗakin taro, da ajanda a rubuce, yau ma har ta na'ura ake halarta. In aka ga ɓarna, galibi daga abin da aka lulluɓa wa aikin take, irin su liyafar dare da yawon shaƙatawa da kuɗin masu jari, waɗanda dama bai kamata darakta mai tsoron Allah ya kusance su ba. Kuma fagen halal ya faɗaɗa: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, sai bankin Lotus a 2021, wanda Hajiya Hajara Adeola ta jagoranci kafa shi. A Malesiya Zeti Akhtar Aziz ta riƙe babban bankin ƙasar daga 2000 zuwa 2016, a shekarun da ƙasar ta zama cibiyar hada-hadar kuɗi ta Musulunci.

MU DUBA CIKIN GIDANMU

Ya 'yan uwa, mafi yawan kasuwancinmu ba ya cikin kasuwar hannayen jari ta Legas. Yana Kantin Kwari da Singa da Dawanau, yana kamfanonin sufuri da gidajen mai da masana'antun iyali. A nan ne maganar ta fi ciwo. Attajiri zai rasu ya bar kamfani. Allah da kanSa Ya yanka wa matansa tumuni, Ya yanka wa 'ya'yansa mata rabonsu. Daga ranar nan su masu hannun jari ne, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Amma me ke faruwa? Babban wa ya riƙe makulli, ya ce ba za a raba ba don kada sunan gida ya ɓace. Shi ne manaja, shi ne hukuma, shi ne mai binciken kuɗi. Ƙannensa mata sai dai a aika musu da buhun shinkafa da azumi da turmin atamfa da salla, kamar sadaka ake ba su daga dukiyarsu. Wadda ta nemi ganin lissafi a ce ba ta da kunya, ko a ce mijinta ne ke zuga ta. Bayan shekara 10 a wayi gari babu uwar kuɗi babu riba, zumunci ya watse a gaban alƙali.

Wannan ba koyarwar Musulunci ba ce, al'ada ce ta cin dukiyar masu rauni da aka yafa wa rigar addini. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mutanen da aka saukar wa wannan aya bai kamata su jira Norwe ta koya musu cewa mai dukiya yana da haƙƙin ganin littafin dukiyarsa ba.

Wani zai ce ai babu matan da suka ƙware. In haka ne, laifin wa? Wanda ya cire 'yarsa daga makaranta ba shi da bakin kukan rashin akanta mace ko lauya mace. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru ta kai ilimi har ƙauyuka. Matan da ke juya jari daga cikin ɗakunansu, suna riƙe adashi na mutum 20 ko 30 ba tare da kobo ya ɓata ba, ba su rasa basira ba. Abin da suka rasa shi ne horo da dama.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, duk kasuwancin iyali da ya zama na magada a yi masa rajista, a rubuta rabon kowa da sunansa, a kafa hukuma, mata magada su zauna a ciki da kansu ko su zaɓi wakilin da suka yarda da shi, a kuma kawo mai binciken kuɗi daga waje duk shekara.

Na biyu, masu naɗa daraktoci su daina neman su a majalisar hira da gidan biki. A rubuta irin ƙwarewar da ake bukata, a nema a fili tsakanin maza da mata, a ɗauki wanda ya fi. Wanda ya naɗa matarsa don ya rufe bakin doka, kamar yadda aka yi a Indiya, ya yaudari doka ya yaudari masu jari.

Na uku, 'yar uwar da aka yi wa tayin kujera ta tambayi kanta: na iya karanta lissafin kamfani? Zan iya cewa a'a ga wanda ya kawo ni? In amsar babu ce, ta haƙura har ta koya, domin sa hannu a kan abin da ba ka fahimta ba shaidar zur ce.

Na huɗu, ƙungiyoyinmu su fara da kansu. Kwamitocin makarantun Islamiyya da asibitoci da asusun marayu da na zakka suna riƙe da dukiyar jama'a, kuma yawancin masu cin moriyarsu mata ne da yara. A sa mata masu ilimi a cikin masu sa ido bisa tsarin da ya dace da shari'a, a kuma karanta wa jama'a lissafi duk shekara. Ba ya kyautuwa mu tuhumi bankuna da abin da mu ma ba mu tsira daga gare shi ba.

Masu kirga kawuna za su ci gaba da kirgawa, yau kashi 30, gobe kashi 40. Mu abin da aka ɗora mana ya fi wannan nauyi, domin kowane mai kujera za a tsayar da shi a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo, a ranar da babu lauya babu alawus. Allah Ya ba mu ikon mayar da amana ga masu ita, Ya tsare mu daga cin dukiyar marayu da ta mata, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.